Rijiyar Hankali da Inuwar Tsakar Gida

A watan Afrilu, idan rana ta take tsaka a Daura, ba sai an yi wa kowa shela ba. Ɗan acaɓa ya ja babur ɗinsa zuwa gindin darbejiya, mai talla ta sauke farantinta a inda ganye ya rufe, dattawa su ja tabarma suna bin inuwa duk inda ta karkata. Zafi kan haura digiri 40 a irin wannan lokaci, don haka kowa zai ce jiki ne ke neman sanyi. Gaskiya ne, amma ba jiki kaɗai ba ne. Mu saurari bakinmu. Malamin da ya wuni yana duba takardun jarrabawa, ko telan da ya kwana kan ɗinkin salla, cewa yake yi: kaina ya ɗau zafi, bari in fita in sha iska. In ya dawo kuma sai ya ce hankalinsa ya dawo jikinsa. Ina hankalin ya tafi? Me ya dawo da shi? Kuma me ya sa ba a cika samun wannan dawowa a ɗaki rufaffe ba, sai a waje, inda ake ganin ganye da sararin sama?

Masana halayyar ɗan Adam sun shafe fiye da shekara 40 suna bin wannan tambaya, kuma amsar da suka samo ta shafi yadda muke gina gidaje da makarantu da asibitoci a ƙasar Daura.

Rijiyar da ake ja ba hutu

Tarihin Daura da ruwa ya fara. Duk ɗan garin ya san rijiyar Kusugu, ya san labarin macijin da ya hana ɗiba sai ranar Juma'a, da baƙon da ya zo ya kashe shi. Wanda kuwa ya tashi a gidan da ke da rijiya ya san wani abu game da ita: in aka wuni ana zura guga, ruwan kan ja baya ya gurɓace, har guga ya riƙa fitowa da laka. Ba ƙafewa ta yi ba. A bar ta ta kwana, da asuba za a tarar ta tara ruwa garau.

Haka hankali yake a bayanin Rachel Kaplan da mijinta Stephen Kaplan, malaman Jami'ar Michigan a Amurka, waɗanda suka fitar da littafinsu kan wannan batu a 1989. Sun ɗora ne kan wani rabe-rabe da William James ya yi tun ƙarshen ƙarni na 19, cewa mai da hankali iri biyu ne. Akwai na dole, wanda mutum ke tsare kansa a kan abu guda yana kore sauran: lissafin ciniki, hadda, tuƙi daga Daura zuwa Kano, ƙirga ƙwayoyin magani. Wahalarsa ba a duban abin take ba, a korar abin da ke neman ɗauke ka take. Wannan shi ne gugan da ke rage ruwa. In ya yi yawa sai mutum ya fara kuskure a abin da ya iya, ya karanta layi sau uku bai fahimta ba, fushi ya matso kusa, yaro ya yi ƙaramin laifi ya sha babban faɗa.

Na biyu shi ne hankalin da ke tafiya da kansa ba tare da an ja shi ba. Shi ma kala biyu ne. Akwai abin da ke fizgar hankali da ƙarfi, kamar hatsaniyar tasha, ko bidiyoyin waya masu bin juna. Waɗannan sukan cika kai har ba a samun wurin tunani, shi ya sa mutum kan ajiye waya bayan awa guda ya ji ya fi gajiya. Akwai kuma abin da ke riƙe ido a hankali: motsin ganye, inuwa tana rarrafe a bango, tattabaru suna sauka, hadari yana haɗowa daga gabas. Suna jan ido, amma ba su tambayarka komai. A wannan tsakanin ne hankalin dole ke samun hutu, rijiya ta tara.

Ma'auratan sun ce wurin da ke dawo da hankali yana da siffa huɗu. Ya sa ka ji ka rabu da abin da ya dame ka, ko da taku goma ka yi. Ya kasance da abin kallo mai taushi. Ya kasance da yalwa, ido da zuciya su sami inda za su yi kiwo. Sannan ya dace da abin da kake bukata a lokacin, ba wurin da za ka zauna a ɗarare ba.

Abin da aka auna

A 1984 Roger Ulrich ya duba bayanan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar cire maɗaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania tsakanin 1972 da 1981. Ɗakunansu iri ɗaya ne, sai dai tagar rabinsu tana kallon bishiyoyi, ta sauran tana kallon bangon jan bulo. Masu kallon bishiya sun yi matsakaicin kwana 7.96 bayan tiyata, masu kallon bango kwana 8.70. Na farkon sun kuma fi ƙarancin neman allurar kashe zafi mai ƙarfi.

A 2008 Marc Berman da abokan aikinsa suka gajiyar da ɗalibai 38 da gwajin ƙwaƙwalwa, sannan suka tura su tafiyar ƙafa ta kusan minti 50, wani lokaci a lambun itatuwa, wani lokaci a tsakiyar birni. Da aka sake gwada su da maimaita jerin lambobi daga ƙarshe zuwa farko, tafiyar lambu ta fi ɗaga sakamakonsu.

Biyu daga cikin binciken sun fi shafar magini kai tsaye. A Melbourne ta Ostireliya, a 2015, an ba ɗalibai 150 wani aiki mai gundura a kwamfuta, aka ba su hutun daƙiƙa 40 kacal. Wasu sun kalli hoton rufin bene da aka shuka wa ciyawa da furanni, wasu rufin kankare tsirara. Waɗanda suka kalli kore sun fi ƙarancin kuskure bayan hutun. A jihar Illinois kuma, a 2016, Dongying Li da William Sullivan suka raba ɗaliban sakandare 94 zuwa aji uku: marar taga, mai taga da ke kallon gini, da mai taga da ke kallon bishiyoyi. Bayan ɗan hutu a cikin ajin, masu kallon kore ne kaɗai ƙarfin mai da hankalinsu ya ƙaru sosai, da kusan kashi 13 cikin 100.

Akwai kuma wanda ya taɓa zaman iyali. A 2001 Frances Kuo da Sullivan suka yi hira da mata 145 mazauna rukunin gidajen talakawa a Chicago. Benayen iri ɗaya ne, amma wasu na da bishiyoyi a kewaye, wasu ba komai sai kwalta da kankare. Mazauna kusa da bishiya sun fi ƙoƙari a gwajin hankali, kuma sun ba da labarin ƙarancin faɗa da duka a cikin gida. Masu binciken sun danganta abin da gajiyar hankali: wanda kansa ya huta ya fi iya haɗiye fushi.

Inda hujjar ta tsaya

Adalci ne a faɗi iyakar wannan ilimi. A 2016 wasu masana a Ingila, ƙarƙashin Heather Ohly, suka tattara bincike 31 suka auna su tare. Sun ga fa'idar ta fito fili a gwaje-gwaje iri 3, amma a iri 10 ba ta fito sosai ba. Yawancin binciken kan mutane kaɗan aka yi, galibi ɗaliban jami'a, kuma na gajeren lokaci. Har yau masana na muhawara kan ainihin hanyar da abin ke bi: hutun hankali ne kamar yadda su Kaplan suka ce, ko saukar fargaba da bugun zuciya ne kamar yadda Ulrich ya fi karkata, ko kuwa raguwar hayaniya da hayaƙi da zafi. Mai yiwuwa duka ne a haɗe.

Sannan mafi yawan wannan aiki a ƙasashe masu ruwa da sanyi aka yi shi, inda kore ya fi namu daɗewa a shekara. Mu kuwa daminarmu daga Yuni zuwa Satumba take, sauran watanni ƙasa fari fat, ga ƙurar hunturu. Saboda haka bishiya ba ta maye gurbin likita, ba ta maye gurbin malami nagari da cikin yaro a ƙoshe. Amma abu ne mai araha, fa'idarsa ƙarama ce a rana guda, sai dai kullum ake cin ta, shekara da shekaru. A wurinmu ma tana da ƙarin aikin da ba ta yi a Michigan: tana sauke zafin da shi kansa ke hana karatu shiga.

Gidan da kakanni suka zana

Wanda ya shiga tsohon gida a cikin birnin Daura, ko a ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, zai ga siffofi huɗun nan a tsaye, ba tare da maginin ya taɓa jin sunan Kaplan ba.

Dubi shigar kanta. Daga titi sai zaure, mai kaurin bango da duhu mai sanyi. Daga nan sai ƙofar gida, sai shigifa, kuma ba a jera ƙofofin a saiti ɗaya ba, sai ka karkata. An yi haka ne don sutura, amma kowace kwana tana rage hayaniyar waje, kafin ka kai ciki kasuwa ta sauka daga kanka. Rabuwar da masana ke magana ke nan.

Sai tsakar gida, wadda ita ce ainihin ɗakin iyali, rufinta kuwa sama. A nan ake daka da tankaɗe da kitso da tatsuniya. Ga bishiya, ko darbejiya ko lemu ko dabino, ga zogale da lalle a jikin danga, ga randa a inuwa tana raɓa, ga akuya a turke, ga tattabaru a tukwanensu. Matar da ke cikin kulle ba ta fita, amma tana ganin fitowar rana da faɗuwarta, tana jin ƙamshin ƙasa a ruwan farko, da dare ta kwanta a tabarma taurari na bisa kanta. Filin ƙarami ne, amma sama ta ba shi yalwa. Kayan ginin ma daga ƙasar suka fito: tubali na jar ƙasa, azara ta giginya, makuba daga ɓawon ɗorawa. Bango mai kauri yakan sha zafin rana ya riƙe, sai dare ya sake shi.

A waje kuma akwai dakali da inuwar durumi ko ceɗiya, inda ake majalisa, ake sulhu, ake ɗaurin ciniki. Malaman tsangaya ma sun san sirrin. Gardin da ke son haddarsa ta zauna yakan bar gari ya tafi kiskadi, can bayan gari a gindin itace, ya wuni yana tilawa inda ba abin da ke kai-komo sai iska da tsuntsu. Aikin da ya fi kowane cin hankali, sai aka kai shi wurin da ya fi kowane dawo da shi. Addini ma ya ƙarfafa wannan, domin an koya mana cewa wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi.

Yadda sama ta rufe

Yau sabon gida yakan zo da wani tsari. A yanka fili ƙafa 50 da 50, a cike shi da ɗakuna har bango, a ɗora kwano, a shafe ɗan abin da ya rage da siminti ko a jera intalok. Taga ƙarama ce, mai ƙarfe da labule mai kauri, kuma in ka ɗaga labulen katangar maƙwabci za ka gani. Wasu ma sukan rufe tsakar gidan gaba ɗaya da rumfar kwano. Makarantu da yawa haka suke: dogon gini a tsakiyar fili ƙwal, yara 70 ko fiye a aji, kwano yana huci a kansu tun ƙarfe 11.

Masu yin haka ba wawaye ba ne, suna da dalilai, kuma dole a saurare su. Fili ya yi tsada, gidan gado an raba shi kashi-kashi. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, mamakon ruwa kuma kan rusa shi. Saiwar bishiya tana tsaga bango tana shiga masai. Ganye na son shara kullum. Ana tsoron sauro da maciji, ana tsoron ɓarawo ya bi reshe ya dira. Akwai masu gudun tsamiya da kuka a cikin gida saboda abin da ake faɗa game da iskoki. Uwa uba ruwa: wanda ke sayen jarka daga ɗan garuwa ba zai zuba wa fure ba. Ga kuma ido: siminti ya zama shaidar an samu, ƙasa ta zama shaidar ba a samu ba.

Amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da magani, in ban da na ƙarshe, wanda sai zuciya ta sauya. Babbar bishiya a nisanta ta da bango da masai, ƙaramin gida kuma a ba shi zogale ko lemu ko gwanda ko rumman. Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, don haka kwata da tsofaffin gwangwanaye ne abin gyara. Reshen da ya haura katanga a datse shi. Ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi, in aka juya su zuwa gindin dashe, sun isa su raya shi har ya kama ƙasa.

Koren da ya dace da ƙasarmu

Kuskure ne a ɗauka cewa sai an shimfiɗa ciyawar Turai ana yi mata ban ruwa safe da yamma. Wannan almubazzaranci ne a ƙasar da ke bakin hamada. Namu koren a sama yake, ba a ƙasa ba. Darbejiya, wadda aka shigo da ita Borno a 1928 daga baya ta bazu a Arewa, tana riƙe ganyenta a tsakiyar bazara. Gawo yana da halin da ya saɓa wa sauran: da damina ya zubar da ganye ya bar gero ya sha rana, da rani ya yi kore shar. Aduwa da magarya da kurna da kanya ba su san ban ruwa ba.

Hujjar cewa hakan mai yiwuwa ne tana maƙwabta. Tsallaka iyaka ta Kongolam ka nufi Matamaye da Magarya a jihar Damagaram ta Nijar, za ka ga gonaki cike da gawo. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara aiki da manoman Maraɗi kan renon tohon kututture maimakon sare shi, dabarar da ake kira sassaben zamani, an ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5. A ɓangarenmu, an fara aikin dashen itatuwa a arewacin Katsina da tallafin ƙasashen Turai a 1987, kuma jihar na cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya ratsa. Sai dai duk wannan a gona da daji ne. Abin da ya rage shi ne a shigo da tunanin cikin gari, cikin zanen gini.

Akwai waɗanda suka fara. A Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, mai zanen gine-gine Mariam Issoufou ta tsara kasuwar garin a 2018 a kewayen wata tsohuwar bishiya da mutane suka saba taruwa a gindinta, maimakon a sare ta. A garin dai, ita da Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa, suka bar fili da shuke-shuke a tsakani. A Gando ta Barkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da silin don iska ta ratsa, daga baya aka dasa mangwaro a kewaye. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gini. Ba su koma jiya ba, jiya suka ɗauko suka gyara. Da tsohuwar zuma ake magani.

Daga ina za a fara

Daura na cikin lokacin gini. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta zo a 2019, a ƙarshen shekarar aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, ga Kwalejin Yusuf Bala Usman, ga sababbin unguwanni suna ta fitowa. Abin da aka gina yanzu shi za a zauna da shi shekara 50.

A fara da makaranta, domin nan ne aka fi jan gugan hankali. Kowane aji ya sami taga babba da ke kallon bishiya, a daidai idon yaron da ke zaune. A dasa a gabas da yamma, inda rana ta fi dukan bango. Lokacin tara yara su sami inuwar zama. A damƙa wa kowane aji dashensa da kejinsa, domin a nan akuya ta fi fari kashe dashe.

Sai asibiti. Mai jinya a wurinmu ba shi kaɗai yake zuwa ba, danginsa na waje a kan tabarma kwana da kwanaki. Inuwa da benci da famfo haƙƙinsu ne, gadon majiyyaci kuma a juya shi inda zai ga wani abu mai rai. Ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a tsaye ita ma tana bukatar minti biyar na kore kafin ta auna magani na gaba.

Sai gida. Mai gini ya ce wa birkila ya bar masa ko da taku uku da uku na ƙasa ba siminti, kuma kada a rufe sama duka. Hukumar da ke yanka filaye ta ƙirga manyan itatuwan da ta tarar, ta zana titi ya kauce musu. Masu unguwanni da dagatai, waɗanda tun asali su ne masu tsaron itacen gari, su tsaya kan cewa ba a sare inuwar jama'a sai da dalili, kuma sai an dasa madadinta. Masallatan Juma'a kuwa suna da ruwan alwala mai yawa da ke malala a banza, ga sahu a rana yana neman inuwa.

Muna yawan kukan cewa yaran yanzu ba su da natsuwa, manya ba su da haƙuri. Dalilan suna da yawa, wasu sun fi ƙarfinmu. Wannan ɗaya dai yana hannunmu. Mun yawaita masu ɗiba daga rijiyar hankali, waya da rediyo da neman abinci da tunanin gobe, sannan mun toshe idon da take tsattsafowa. Darbejiyar da aka dasa a daminar bana, in ta tsira daga bakin akuya, yaron da ya shiga aji ɗaya zai zauna a inuwarta kafin ya gama firamare. Wata rana zai ɗago kai daga lissafin da ya gagare shi, ya ga ganye na motsi a taga, ya ɗan yi shiru, sannan ya koma kan littafinsa.